Takardar da Gwaggo Asibi Ta Ɓoye

Shafi na 12, na ƙarshe

Ga ta nan ga ta nanku, jikokina masu riƙe da waya.

To ku amsa mana. Yauwa, na ji ku: ta zo mu saurara.

Masu turo min saƙo tun kafin in sha koko, ku kwantar da hankalinku, yau za mu sauke kayan nan gaba ɗaya. Wanda kuma yau ya shigo, matso in ba ka a gurguje.

Raliya 'yar Zongon Lome ce, unguwar Hausawa, nan aka haife ta, nan aka haifi ubanta. Shekara tara tana buga tafireta a wani ofishin gwamnati, ba zan kama suna ba, amma a matsayin 'yar wucin gadi, irin wadda za a iya ce wa tashi kowace safiya. Da aka kafe sunayen waɗanda za a tabbatar wa aiki, 'yan mata ukun da ita ta koya wa ɗora yatsu a kan inji duk suna ciki, ita babu. Shugaban ma'aikatan, wanda suke kira Shef, ya faɗa mata a gaban kowa cewa 'yan Zongo baƙi ne, in aikin dindindin take so ta nufi Najeriya. Takardar shaidar zama 'yar ƙasa kuwa tana nan a dosiyenta, wato fayil ɗinta, shi da kansa ya karɓa.

Zamanin jam'iyya ɗaya ne fa. Mutum ko tari zai yi kusa da ofishin gwamnati sai ya waiwaya. Amma Raliya ta ce sai kotu.

Baba Tchakoura, magatakardan kotun, ɗan ƙabilar Kotokoli ne da ya daɗe a Zongo har Hausa ta zauna masa a baki. Shi ya shimfiɗa mata hanya. Ba a kai gwamnati ƙara kai tsaye. Sai ka fara rubuta wa ofishin da ya cuce ka, ka roƙe su su sake dubawa. In sun amsa sun ƙi, wata biyu gare ka ka kai ƙara. In sun yi shiru har wata huɗu, shirun ma ƙi ne, daga nan ka fara ƙirga wata biyun. Ta rubuta tana da tsohon ciki, ta haihu, ta ji shiru, ta ƙirga kwanakinta tsaf, ta kai ƙara. Shef da ya ji, ya ce ran da kotu ta yi watsi da maganar, ran nan za ta kwashe kayanta.

To ga inda muka kwana.

Ranar Talata Baba Tchakoura ya aika ta zo. Ta goya Haliru, yana wata shida, ta hau taksi zuwa cikin gari.

"Zauna, 'yata."

"Baba, lafiya? Yau ko tsokanar yaron ba ka yi ba."

"Ofishinku sun kawo amsa."

"Me suka ce a kan maganar Zongon?"

"Ko uffan. Ba su ce Shef ya faɗa ba, ba su ce bai faɗa ba. Cewa suka yi kin makara."

"Makara? Baba, da kai muka ƙirga!"

"Da ni. Amma sun ce ba shiru suka yi ba. Wai sun amsa miki tun ashirin ga Fabrairu. In haka ne, wata biyunki ya ƙare tun kina zaune kina jiran wata huɗu."

Ya turo mata takarda. Hoton shafi ne daga littafin masinjan ofishinsu, wanda ake sa hannu a ciki in an karɓi wasiƙa. Ga sunanta. Ga rubutun masinja da Faransanci, wai an ba mai ita hannu da hannu. A gefe kuma dangwalen babban yatsa.

Ta kai takardar kusa da ido. A tsakiyar dangwalen akwai wani farin layi da ya ratsa a karkace, inda tawada ba ta kama ba.

Ta san yatsan nan. Wuƙar yankan albasa ce ta bar masa wannan tabon tun ita tana 'yar firamare. Ashirin ga Fabrairu kuma, kwananta goma da haihuwa, tana wankan jego a gidan Gwaggo Asibi, ƙanwar ubanta, wadda ta riƙe ta tun rasuwar uwarta.

"Kin san mai shi?"

"Ba ni kwana biyu, Baba."

"Kwana biyun kawai kike da su. Juma'a alƙali zai rufe dosiye."

Bayan la'asar ta shiga gidan Gwaggo. Tsohuwar tana bakin rijiya tana tace gasarar kokon gobe, don shi ne sana'arta shekara talatin. Nata'ala, mijin Raliya, yana tsugune a gefe, ya taso daga mayanka ya biyo da 'yar hanta a takarda, kamar yadda ya saba kowace Talata.

"Maraba da matar gwamnati! Sauko min da angona, yau ko leƙo ni bai yi ba."

Raliya ta sauke yaron, amma mijinta ta miƙa wa.

"Gwaggo, miƙo min hannunki."

"Hannuna kuma? Lalle za ki sa min?"

"Na dama."

"Duk gasara ce."

"Ba komai."

"To ga na hagu, shi ya fi kusa."

"Gwaggo."

Tsohuwar ta tsoma hannun dama cikin ƙwarya har wuyan hannu, ta bar shi can. Raliya ta shimfiɗa takardar a kan turmi, ta danne da dutse. Gwaggo ta kalla da wutsiyar ido, ta kawar da kai.

"Mutum nawa ne a Lome masu yanka a yatsa? Tambayi mijinki, mahauta duk haka suke."

"Mahauci nawa ne yake zaune a ƙofar ɗakina ina jego?"

Kaza ta zo ta saci tsaki ba wanda ya kore ta.

Gwaggo ta zaro hannun, ta goge a zani, ta zauna a kujerar tsugune da nishi.

"To ni ce. Sai me? Yanka ni za a yi?"

"Faɗa min yadda aka yi."

"Kin fito daga wankan ganye, jikinki na tururi, barci ya ɗauke ki da yaron a ƙirji. Sai ga wani dogo a kan babur, da hular kaki, wai Madam Raliya yake nema, an ce masa kina nan. Na ce Madam Raliya mai jego ce, baƙon namiji ba ya ganinta. Ya ce sauri yake, wani ya dangwala masa. Na dangwala."

"Kika karanta?"

"Da wane idon? Ai ba sai na karanta ba. Ruwa na ba shi ya ƙi sha. Da albishir ya kawo, da ya zauna ya sha ya jira goronsa. Ga ambulan ruwan ƙasa da hatimi gaba da baya. Ni tun da aka tashe mu daga tsohon Zongo na daina yarda da takarda mai hatimi biyu."

"Sai kika ɓoye."

"Sai na ɓoye! Shekara takwas muna jiran yaron nan, Raliya. Shekara takwas ina jin maganganu a gidan biki ina haɗiyewa. Allah ya kawo shi, kwana goma, sai in shiga in miƙa miki ɓacin rai? Ɓacin rai nono yake shiga. Ke ba ki ga Kubura ba? Tana jego aka je aka ce mata rumfarta ta ƙone, kafin azahar nono ya ɗauke ƙaf, da madarar gwangwani aka rayar da 'yarta. Na ce wallahi ba a gidana ba. Gwamnati ta jira arba'in, ai ita ma uwa ce ta haife ta."

Dariya ta taso wa Raliya a tsakiyar fushi, ta danne.

"Na ji. Arba'in ta zo ta wuce da wata huɗu da rabi. Sai kuma me?"

Gwaggo ta ɗaga kai ta dubi surukinta. Dubi ɗaya kawai, ta mai da ido kan gasara.

Nata'ala yana jijjiga yaro, yana jijjigawa da ƙarfi, alhali yaron ba kuka yake ba.

Raliya ta juya a hankali.

"Malam?"

"Na'am."

"Akwai abin da zan ji?"

Ya miƙa wa Gwaggo yaron. Ya cire hula ya mayar.

"Ranar arba'in ta kira ni ta nuna min. Za ta ba ki. Ni na ce ta bari."

"Kai."

"Ni."

"Ka buɗe?"

"Ko taɓa ta ban yi ba. Tsoronta nake kamar maciji."

"To don me?"

"Kin san Issifou, mai fiɗa kusa da ni. Magana ɗaya ya yi, ya ce zanen jam'iyya yana zuba a wanki. Sati uku ba wanda ya san inda yake. Da ya dawo, har yau in mota ta tsaya a ƙofar mayanka sai ya ajiye wuƙa. Shi zane kawai ya taɓa. Ke kuma gwamnatin gaba ɗaya za ki tsayar a gaban alƙali. Na ce a raina in takardar ba ta zo hannunki ba, za ki jira ki gaji ki bari. Ina na san shirun ma hanya ce?"

"Kana kallona kowace safiya ina soke kwana a kalanda."

"Ina kallonki. Koko yana tsaya min a wuya. Kullum in ce yau zan faɗa, sai in ga kina dariya da yaron, in ce gobe."

Raliya ta zauna a bakin rijiya. Ba ta ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi ba shi tsoro.

"Tsoron naka ban ga laifinsa ba, Malam. Ni ma ina da irinsa. Kana tsammani da ƙafata ba ta rawa nake hawa matakalar kotun nan? Abin da ya yi min ciwo, ka ji tsoro kai kaɗai, ka yanke hukunci kai kaɗai, a kan aikina. Da ka zo ka ce Raliya ina tsoro, da mun ji shi tare."

"Na yi kuskure. Ki yafe min."

"Zan yafe. Ba yau ba, yau aiki gare ni. Gwaggo, ina takardar?"

Gwaggo ta saɓa yaron a kafaɗa ta shiga ɗaki. Suna jin ƙarar kwanoni. Ta sauke jeren kwallayen da ba a taɓawa sai da biki, ta buɗe ta tsakiya, ta fito da abu a nannaɗe cikin tsohon ɗankwali. Da aka warware, ga ambulan, sai ƙamshin kanumfari yake.

Raliya ta fizge. Ta sa farce a ƙarƙashin bakin ambulan ɗin.

Sai ta tsaya.

Shekara tara wasiƙu suna bi ta hannunta. Ta juya shi, ta duba baya. Hatimin yana nan a kan maƙalin, rabi sama rabi ƙasa, ba abin da ya taɓa shi.

Ta zare farcen a hankali.

"Kar wanda ya taɓa wannan. Kar a ajiye shi kusa da ruwa, kar a ajiye kusa da wuta."

"Ba za ki karanta ba?" in ji Nata'ala.

"In na buɗe, na kashe shaidata da hannuna. Sun ce sun ba ni na karanta tun Fabrairu. Ga shi a rufe. Alƙali ne zai buɗe."

Gwaggo ta tafa hannu.

"Ikon Allah! Wata shida ina ɓoyo don kar ki karanta, ga ta a hannunki kin ƙi karantawa. Ashe dai ni ce da gaskiya tun farko."

"Gaskiyarki za ki je ki faɗa wa alƙali jibi."

Murmushin ya ɗauke.

"Wa? Ni? Kotu?"

"Ambulan kaɗai bai isa ba. Za su ce ni na karɓa na ƙi buɗewa. Sai mai yatsan ta je da yatsanta."

"A'uzubillahi. Ni ko asibiti sai an ɗauke ni ranga-ranga. Shekarata sittin da ɗoriya ban taɓa taka ƙofar hukuma ba, sai yanzu da haƙorana suka fara sallama? In aka rufe ni wa zai dama wa Zongo koko? Ki ɗauki ambulan ɗin, ki ɗauki mijinki, ai shi namiji ne."

"Ba yatsansa ba ne."

"To a ce na yi tafiya."

Raliya ba ta matsa ba. Ta san gwaggonta. Ta ninke hoton shafin za ta sa a jaka, ta ce kamar da kanta take magana:

"Shi ke nan. Sai a bar shi yadda suka rubuta. Littafinsu ya ce ni na dangwala."

"Ya ce me?"

"Ga shi nan. An ba mai ita hannu da hannu. Wato ni, Raliya, aka miƙo min littafi, ban iya rubuta sunana ba, na dangwala yatsa."

Gwaggo ta miƙe tsaye, yaron har ya firgita.

"Ke kika dangwala?"

"Haka suka kai wa alƙali."

"Ke? Da na tashi tun asuba shekara goma sha biyu ina dama koko kina zuwa lakwal karatun boko? Ke da kika zo ta ɗaya har malamin ya tako gidan nan da ƙafarsa? Ke da kike buga musu takardun da su kansu ba su iya ba? Wato su a ganinsu duk macen Zongo yatsa gare ta, ba ta da alƙalami!"

"Shef ne ya sa hannu a amsar ma."

"Shef ɗin uban wa! Nata'ala!"

"Na'am, Gwaggo."

"Jibi taksi za ka tsayar min a ƙofar gidan nan, ba zan taka zuwa titi ba. Kuma gaba zan zauna."

Ranar Alhamis Zongo ba ta sha kokon Gwaggo ba, mutane suna ta tambaya ko lafiya. Ta fito cikin atamfar da ta ɗinka don sunan Haliru, da mayafi mai zaren zinariya, da kwalli rangaɗau. Nata'ala ma bai je mayanka ba. Ba wanda ya ce ya zo, ya dai buɗe ƙofar taksi ya shiga baya ya karɓi jakar yaro.

A ofishin Baba Tchakoura, Gwaggo ta kwance bakin mayafi ta fito da goro fari ƙal guda bakwai.

"Wannan fa, Hajiya?"

"Na alƙali. Haka kawai zan shiga wa babban mutum hannu rabbana?"

"Mai da shi, don girman Allah. A nan in kika ba shi goro, ni da ke da shi duk mun shiga uku."

"Wane irin gida ne wannan da gaisuwa take laifi?"

"Irinsa ke nan. Ki ajiye min biyu dai in an fito."

Alƙalin da ke duba dosiyen ba babba ba ne, da tabarau, teburinsa cike da takardu har ana ganin rabin fuskarsa kawai. Baba Tchakoura ya yi bayani da Faransanci, ya ajiye hoton shafin, ya ajiye ambulan. Alƙali ya ɗaga ambulan ya duba ta hasken taga, ya shinshina, ya dubi Raliya.

"Kanumfari ne, Misye," ta ce. "A cikin kwalla ya zauna."

Ya turo mata farar takarda da alƙalami. Ta rubuta sunanta, ta ja layin nan nata a ƙasa. Ya buɗe dosiye ya gwada da sa hannunta na takardar koke, da na takardar ƙara. Ya turo wa Gwaggo kushin tawada.

Gwaggo ta ce bismillah, ta danna yatsa kamar mai kashe kunama, ta manna a takarda. Da ta ɗaga, ga farin layin ya ratsa a karkace.

Alƙali ya jera biyun. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

Ya yi tambaya, Baba Tchakoura ya buɗe baki zai fassara, Gwaggo ta ɗaga masa hannu. Shekara talatin tana sayen gero a kasuwa, Mina, yaren mutanen Lome, a bakinta kamar ruwa. Da Mina ta amsa wa alƙali kai tsaye.

"Ɗana, tambaya kake don me na ɓoye? Kana da mata?"

Baba Tchakoura ya runtse ido.

"Ina da ita, Mama."

"Ta haihu?"

"Sati uku ke nan."

"Madalla! To yau in aka kawo takarda an ce an kore ta daga aiki, kai za ka shiga ka karanta mata tana ba yaro nono?"

Alƙali ya ce, "Uwata ba za ta bar ni in kai ƙofar ɗakin ba."

"To ka gani. Uwarka mutuniyar kirki ce, ka gaishe ta. Ni ban san da wani wata biyu ba. Mu arba'in muka sani. Laifin ɓoyo nawa ne, a rubuta. Amma a ce 'yata ta dangwala yatsa, wannan ƙarya ce, a goge."

"Wannan kuma wane ne?" Alƙali ya nuna Nata'ala, wanda ke tsaye jikin bango da jakar yaro a rataye.

Nata'ala ya matso.

"Mijinta ne. Na san da takardar tun ranar arba'in. Ni na hana a ba ta. Ita ba ta sani ba sai shekaranjiya."

"Ba a tambaye ka wannan ba."

"Na sani, ranka ya daɗe. Na gaji da riƙe shi ne."

Raliya ba ta dube shi ba, amma ta ɗan gyara tsayuwa har kafaɗarta ta taɓa tasa.

Alƙali ya sa Baba Tchakoura ya rubuta rana da ƙarfe nawa. Sannan ya ɗauki 'yar wuƙar buɗe wasiƙa ya tsaga ambulan ɗin a gabansu, ya miƙa wa Raliya.

Layi uku ne. An ga kokenta, ba a ga dalilin sake dubawa ba, a karɓi gaisuwa. Ta karanta sau biyu. Abin mamaki sai ta ji ƙirjinta ya yi sakayau. Watanni tana faɗa da shiru, yau ga ƙin a rubuce, da sunan mai ƙin a ƙasa.

"Me suka ce?" Gwaggo ta tambaya.

"Sun ƙi."

"Ban faɗa ba? Mutum ya ƙi ruwa!"

Alƙali ya rubuta wani abu a bangon dosiyen, ya buga hatimi.

"Madam, yau aka ba ki amsa, a gabana. Don haka ba ki makara ba, ƙararki tana nan da ranta. Zan rubuta wa ofishinku su zo su yi bayanin yadda mai buga musu tafireta ta koma mai dangwale. Su kuma amsa maganar da suka tsallake." Ya rage murya. "Amma kar in ruɗe ki. Ƙofa kawai na hana a rufe. Daga nan dosiye sama zai hau, can kuma ba ni ba ne."

"Na gode, Misye. Ƙofar nake nema dama."

Gwaggo ta tsaya a bakin fita ta juyo.

"A dinga ba matar taka kunun kanwa, da zafinsa. Kar a bari ta sha ruwan sanyi."

"Zan faɗa, Mama."

A matakala Gwaggo ta ja ta tsaya. Ta zauna daɓas a kan dutse, ta riƙe gwiwa, sai a lokacin Raliya ta ga duk jikinta rawa yake.

"Gwaggo! Ashe tsoro kike ji?"

"Tun daga taksi. Rufa min asiri kar surukina ya gani. Kai Nata'ala, juya can, je ka nemo mana ruwa."

To, jikokina, kun so in ce an yi zama, an kira Shef, an kunyata shi a bainar jama'a. Ba a yi ba. Dosiye ya hau sama, kuma ba a taɓa kiran shari'ar ba. Sai dai sati biyar da zuwan wasiƙar alƙali ofishinsu, aka wayi gari an kafe wata 'yar takarda a allo, ƙarin sunaye, mutum biyu. Na biyun Raliya ce. Ba wanda ya ba ta haƙuri, ba wanda ya ce an yi kuskure. Ta karanta sunanta, ta koma kan injinta ta ci gaba da bugu, sai da aka tashi ta shiga taksi sannan ta yi kukanta.

Shef an mai da shi wani ofishin, kujerar ma ta fi ta da girma. Masinja ya sha faɗa, ya ci gaba da yawonsa a babur. Baba Tchakoura ya yi ritaya ya koma Sokode, can ya rasu cikin jikokinsa. Nata'ala an yafe masa bayan sati biyu, suka ƙara 'ya'ya uku, har ya zama babba a mayanka. Raliya ta yi shekara ashirin da biyu a aikin dindindin, ta fita tana shugabar masu tafireta, yanzu tana Avédji wajen 'yarta. Haliru yana da shagon kayan gini a Adidogomé. Gwaggo Asibi ta ƙara shekara goma sha ɗaya tana dama koko, kuma har ta koma ga Allah duk wanda ya zauna a bencinta sai ya ji yadda ta je kotu ta ka da gwamnati.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya.